Baƙi takwas, girki, ga gidan zane ina son zuwa: yaya zan yi in samu in zauna?

Kullum-A-Tsaye ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon bayanina.

An ba mu hutun ƙarshen shekara a wurin aiki, na ware Asabar da Lahadin da ke tsakiyarsa don abu uku. Akwai baje kolin zane-zane da na yi wata biyu ina cewa gobe zan je, ga shi an kusa rufewa. Ina kuma son in yi girki a natse, ba irin na ranakun aiki ba da ake yi ido na kan agogo. Na uku, ƙawayena shida da muka yi makaranta tare za su zo ranar Lahadi, ɗaya da yaranta biyu. Mu tara ke nan har da ni.

Abin da ya sa nake tambaya, bara ma na tara su, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Abinci kala shida na yi. Tun asuba nake tsaye, sun iso ƙarfe biyu ina kan suya. Ina jiyo shewarsu daga falo, in leƙo da ludayi a hannu in ce "me aka ce?", kafin a maimaita mini albasa ta fara ƙauri in koma da gudu. Da aka turo hotunan ranar, sun fi arba'in, a guda ɗaya kawai na fito, shi ma bayana ne, ina ɗauke da tire. Wanda ya fi ci mini rai, akwai wadda muka shekara huɗu ba mu haɗu ba, ta taso daga nesa. Duk abin da ya haɗa ni da ita ranar shi ne "ina zan ajiye wannan kwanon?" Ashe a falon ta gaya wa kowa mahaifiyarta na kwance ba lafiya. Sai bayan mako guda na ji a bakin wata.

To bana ba na son haka. Me zan dafa wanda ba zai ɗaure ni a kicin ba, kuma ba za a ce na yi rowa ba? Sannan ina da akwatin fentin ruwa da na saya shekara uku ke nan, launi biyu kawai na taɓa jiƙawa. Raina na raya mini in fito da shi mu yi zane tare bayan cin abinci, amma ina tsoron kar a ga kamar na mayar da manyan mata 'yan firamare. Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka.

Tsohuwar Kuku ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Na daɗe ina yi wa mutane girkin taro kafin gwiwa ta zaunar da ni, don haka ɓangaren tukunya zan taɓa, zancen zane na bar wa masu shi.

Kala shidan ba su kaɗai suka tsayar da ke ba. Ki duba da kyau, za ki ga yawancinsu abincin da ke son a ci shi da zafinsa daga wuta ne. Duk abin da aka ce suya, mai shi ba ya zama. Ki cire suya gaba ɗaya ranar Lahadi.

Ki yi miyar nama tukunya guda, ranar Asabar da yamma. Kar ki sayi tsoka zalla, ki nemi wuya ko kafaɗa ko ƙwauri, inda jijiya take. Jijiyar nan da ke ba mutum wahala in an dafa a gurguje, ita ce ke narkewa in an bar ta awa uku a kan wuta kaɗan-kaɗan, ta ba romo kauri har ki ji yana ɗan manne leɓe. Kafin ki zuba ruwa, ki goge naman ya bushe, ki soya shi kashi-kashi har ya yi ja. In kika juye duka lokaci ɗaya ruwa zai fito, ya koma dahuwa, ki rasa ƙamshin nan. Ɗana da ya yi karatun kimiyya ya ce abin har suna gare shi, Maillard, wai sunan Bafaranshen da ya yi bayaninsa a 1912. Na ce masa mu da hanci muka san shi. Bayan naman sai albasa da yawa, ki ba ta lokaci ta yi laushi, sannan tumatir da karas da kayan ƙamshinki.

Wurin ajiyewa ne mutane ke kuskure. Kar ki tura babbar tukunya da zafinta cikin firji, tsakiyarta zai daɗe da ɗumi. Kar kuma ki bar ta ta kwana a kan murhu ki ce ai an rufe. Ki raba a robobi masu faɗi marasa zurfi, ta sha iska, cikin awa biyu ta shiga firji, firjin kuma sanyinsa ya kasance digiri 5 ko ƙasa da haka. Da safe za ki tarar kitsen ya daskare a sama, ki kwashe da cokali iya yadda kike so. Miyar da ta kwana ta fi ta yau daɗi, wannan ba sai na rantse ba.

Shinkafa kuwa ranar za ki dafa, ana saura awa ɗaya su iso. Kar ki dafa ta tun safe ki bar ta a rufe tana jira. Akwai wata ƙwayar cuta da ke cikin ɗanyar shinkafa, dahuwa ba ta kashe irinta, in shinkafar ta daɗe a ɗumi-ɗumi sai ta farka ta saki guba, ɗumame kuma ba ya kashe gubar. Na ga taron da aka watse ana ta amai aka ɗora wa nama laifi, alhali shinkafa ce. Ki auna kamar giram 75 na ɗanya kowane mutum, ku tara giram 700 ya ishe ku, in kina jin tsoro ki kai 800.

Sai ɗanyen ganye da kokwamba, ki wanke ki yanka da safe, amma mai da lemun tsami sai za a ci. Burodi a gefe. Shi ke nan. Duk wadda ta ce me za ta kawo, kar ki ce "a'a ba komai", ki ce ta kawo abin zaƙi ko na sha.

Ki jera komai a teburi ɗaya kowa ya zuba da kansa, ke ma ki ɗauki farantinki. Kuma ko da wasa kar ki taɓa soso sai baƙon ƙarshe ya fita. Kwano ba ya guduwa.

Malamin Zane ya amsa:

Hajiya ta gama da kicin, bari in ɗan ce wani abu kan gidan zanen.

Malama, ki je da safe ana buɗewa, kuma tun daga ƙofa ki yanke wa kanki cewa ba duka za ki gani ba. Gajiyar da ke kama mutum a irin wuraren nan tsohon abu ne. Tun a 1916 wani ma'aikacin gidan zane na Boston a Amurka, Benjamin Ives Gilman, ya yi rubutu a kanta, har da hotunan wani mutum yana durƙuso yana miƙa wuya don ya ga kayan da aka jera. An kuma taɓa bin masu kallo da agogo a gidan zane na Metropolitan da ke New York, aka wallafa sakamakon a 2001: in an daidaita, kusan daƙiƙa 27 mutum ke yi a gaban zane ɗaya, har da karanta 'yar takardar da ke gefe. A Jami'ar Harvard kuwa akwai malamar tarihin zane, Jennifer Roberts, da ke sa ɗalibanta su zauna gaban zane ɗaya awa uku cur kafin su rubuta komai a kansa.

Ban ce ki yi awa uku ba, miya na jiran ki. Ki zagaya sau ɗaya da sauri kamar mai neman wani, ki lura da waɗanda suka sa kika rage tafiya. Ki zaɓi huɗu ko biyar, ki koma musu. In akwai benci ki zauna. Kar ki fara da karanta takardar bayani, ki bar ta sai ƙarshe, don da zarar kin karanta idonki zai daina nema. Ki tambayi kanki daga ina haske ya shigo, wane launi ne ya fi yawa, ina mai zanen ya yi sauri, ina ya tsaya ya ɓata lokaci. Ki tafi da ƙaramin littafi da fensir, yawancin wuraren suna barin fensir amma ba sa son biro. Ko zane mara kyau kika yi na abin da ke gabanki, za ki ga abin da ba ki gani ba da farko.

Batun fentin ruwa ga baƙi kuma, gaskiya ban goyi baya ba. Yana da kyau a ido amma ba ya yafiya, in launi ya zauna inda ba a so, gyara sai ya ƙara ɓata shi. Babba kuma in ka miƙa masa farar takarda da buroshi, abin da zai fara cewa shi ne "ni ban iya zane ba", daga nan ya naɗe hannu. Na gani ba sau ɗaya ba a ajin manya.

Ga abin da nake yi musu. Henri Matisse, mai zanen nan na Faransa, an yi masa babbar tiyata a ciki a 1941, daga nan tsayuwa gaban allo ta yi masa wuya, ya koma gado da keken guragu. Sai ya sa masu taimaka masa suna shafe takardu da fenti, kowace takarda launi ɗaya, shi kuma ya ɗauki almakashi yana yanka siffofi kai tsaye, ana manna su a bango yana cewa a matsar nan, a ɗaga can. Wani aikinsa na 1953 mai suna Dodon Koɗi yana gidan zane na Tate a Landan, tsawonsa da faɗinsa kowanne ya kusa mita uku, kuma gutsattsarin takardu masu launi ne kawai aka jera suna zagaye. Yana da shekara tamanin da 'yan kai ya yi shi.

To ki fito da fentinki ranar Asabar, ke kaɗai, ki shafe takardu goma sha biyar ko ashirin, kowace da launinta, ki bar su su bushe. Kin jiƙa sauran launukan ke nan. Ranar Lahadi almakashi da gam da babban kwali fari. Ba wanda zai ce bai iya yanka takarda ba. Wadda ba ta son siffar mai rai, ga ganye, ga taurari, ga zanen lissafi irin na bangon fadar Alhambra da ke Sifen, wanda ya ɗauke hankalin mai zane M. C. Escher ɗan ƙasar Holan har ya je sau biyu, 1922 da 1936, yana kwafa a littafinsa.

Baƙon Kowa ya amsa:

Ni ban iya girki ba, ban iya zane ba, amma cin abincin gidan mutane na ƙware, don haka a bar ni in yi magana da yawun baƙi.

Yaya, ki ƙirga abin da aka jera miki ranar Asabar: gidan zane, kasuwa, miyar awa uku, shafe takarda ashirin. Ina hutun? Kin ce a natse kike so. Cefanen dai ki yi shi tun Alhamis ko Juma'a.

Malam, da girmamawa, almakashin nan ina jin tsoronsa. An taɓa gayyatata wani gida, mai gidan ya tsara mana komai da lokacinsa. Muna tsakiyar wata hira mai daɗi, an kai inda kowa ya gyara zama, sai ya tafa hannu ya ce lokacin wasa ya yi. Muka tashi muka yi wasan kamar masu biyan bashi, hirar kuma ba ta dawo ba. In za a yi, a ajiye kayan a wani teburi a gefe, kar a yi sanarwa. Yaran nan biyu za su gano shi cikin minti biyar, wanda ya ga dama ya bi su.

Amma abin da ya sa na yi rubutu ba wannan ba ne. Na karanta bayaninki sau biyu, kuma ni a ganina ba miya ke damun ki ba, ƙawar nan ce mai mahaifiya ba lafiya. Ko kin zauna daram a falo, mutum tara ne, magana ba za ta yi zurfi ba, kowa na katse kowa. In za ta iso tun Asabar, ki ɗauke ta ku je gidan zanen ku biyu. Wurin shiru ne, ana tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba sai an kalli juna ba. Wata maganar ba ta fita sai a haka.

Kuma a daina kore mu daga kicin. In baƙo ya ce "kawo in yanka", a miƙa masa wuƙa. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Tsohuwar Kuku ta sake amsawa:

Ɗan nan, shawararka ta ƙawar ta yi, Allah ya yi albarka. Amma zancen kicin mutum ɗaya ya isa. Shida in suka shiga, wata ta ƙara gishiri, wata ta buɗe shinkafa tana turara, ba a san wa za a kama ba.

Kullum-A-Tsaye ta dawo:

Jama'a na dawo da labari, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Na kira ƙawar tawa tun Laraba, ta ce za ta iso Juma'a da dare ta sauka wurin 'yar uwarta. Asabar ƙarfe goma muna bakin ƙofar gidan zanen. Malam, biyar ka ce, uku muka iya. Na ukun ne ya riƙe mu. Ba wani babban zane ba ne, teburi ne da farin ƙyalle, da kofi, da lemun zaƙi an fara ɓare shi an bari, ɓawon ya sauko ta bakin teburin yana lilo. Da farko na ce me ke nan. Da muka zauna a benci sai na ga farin ƙyallen nan kusan babu fari a cikinsa, shuɗi-shuɗi ne da toka da wani ruwan ƙasa, fari tsantsa ɗigo biyu ne ko uku a inda ya lanƙwashe. Ina nuna mata da fensir, ita kuwa ta yi shiru. Can sai ta ce haka take ɓare wa mahaifiyarta lemu a asibiti, ta ci ɓari ɗaya ta ce ya isa, sauran ya bushe a kan durowa. Allah ya yi wa mahaifiyar rasuwa watanni biyar da suka wuce. Na sani, na kira na yi ta'aziyya a lokacin, amma a waya ne, minti uku. Mun fi minti arba'in a bencin nan. Wani ma'aikacin wurin ya zo wucewa sau biyu, ya kalle mu ya yi gaba abinsa.

Daga nan ta biyo ni gida, ita ta yanka albasa. Anti, mutum ɗaya, kamar yadda kika ce. Naman wuya na samu, na soya kashi uku, kashi na farko na yi gaggawa bai yi ja sosai ba. Takardu goma sha biyu muka shafe a ƙasan falo miya na ɓararraka. Takardar da na saya ta yi laushi da yawa, da ta bushe duk ta kanannaɗe, sai da muka danne su da littattafai suka kwana.

Ranar Lahadi kuskure biyu. Na ce wa mutum uku su kawo abin zaƙi ban faɗi wane iri ba, duka ukun kek suka kawo, biyu ma iri ɗaya. Na biyun kuma laifin zama ne. Na ɗora miya ta yi zafi, na fito na zauna, aka ɗauko labarin wata malamarmu da ke kama masu barci a aji, na manta da wuta sam. Ƙauri ne ya tashe ni. Na tuna ba a kankare ƙasan tukunya in ta kama, na juye ta sama a wata tukunyar a hankali na bar ƙanzon. Wata ta ce akwai ɗan ƙamshin hayaƙi, ta tambaye ni me na sa. Na ce sirri ne.

Shinkafa giram 800 na dafa, ta yi saura kamar faranti ɗaya, na sa a firji tun kafin a sha shayi.

Almakashi na bar su a teburin gefe ban ce komai ba. Yaran suka fara. Uwarsu ta je hana su ɓarna, ta zauna. Kafin la'asar mutum huɗu na kan teburin, biyu kuma ko kallo bai ishe su ba, suna kan kujera da kek ɗinsu, ba wanda ya matsa musu. Wadda ta fi kowa cewa ba ta iya komai ba ita ta yanka wasu ganyaye shuɗaye guda tara, ta hana kowa taɓawa, ta yi ta matsar da su a kan kwalin kusan rabin awa kafin ta yarda a sa gam. Ƙaramin yaron kuma ya haɗa da gefen ƙyallen teburina ya yanke, yanzu akwai wani ɗan yanki mai fure a tsakiyar aikin, mun bar shi a nan. Kowa ya sa hannu a baya, ƙawar tawa ta tafi da shi a naɗe cikin jarida.

Hotuna sun zo jiya, na fito a goma sha ɗaya, a uku bakina cike da abinci.

Kwanukan sai Litinin da hantsi na wanke. Abin da ya rage mini yanzu gam ne ya bushe a kan teburin katako, wuri uku, na gwada farce ya fara ɗaye fentin. Malam, ko akwai dabara? Ruwan ɗumi zan sa ko zai ƙara ɓata katakon?